Yadda ake tayar da aikin lafiya a garin da girgizar ƙasa ta rusa: abin da na koyo a Hatay

Kwana biyar bayan girgizar ƙasar da ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, na sauka Antakya, babban birnin lardin Hatay, cikin ayarin wata ƙungiyar agaji. Jakata cike take da bandeji da zaren ɗinki, don a zatona aikin da ke jirana ke nan. Mako bakwai na yi a can. In na lissafa, ranakun da na ɗinke rauni ba su kai ranakun da na yi ina ƙirga masai, ina auna kulorin a bakin tanka, ina bin tanti-tanti neman masu ciwon suga ba. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma mafi yawan aikina a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno na yi shi: damina ta zo mu yi fama da amai da gudawa, rani ya zo mu koma kan ƙyanda. Da aka wuce kwanakin farko a Hatay, sai na ga aikin ya koma wanda na sani tun gida. Wannan rubutu na ƙannena ne ma'aikatan lafiya, waɗanda wata rana za a ce su haɗa jaka.

Girgizar farko ta zo da ƙarfe 4:17 na asuba, maki 7.8, mutane na barci cikin tsananin sanyi. Ta biyu, mai maki 7.5, ta biyo baya da rana, wajen awa tara tsakani. Larduna 11 abin ya shafa, sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da dubban da suka rasu a Siriya. Waɗannan ba mu da ta cewa a kansu sai addu'a. Namu aikin shi ne kada waɗanda ƙasa ta bari a raye su mutu a hannun ruwan sha, ko sanyi, ko maganin da ya yanke.

Kafin ka kwance kaya

Je ka gabatar da kanka ga hukumar lafiya ta wurin. A Turkiyya AFAD, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, ce ke riƙe da ragamar agajin, ma'aikatar lafiya kuma ke cewa wannan ayari ya tafi can, wancan ya zauna nan. Kada ka ga fili ka kafa tanti don ya yi maka kyau a hoto. Bayan abin da aka gani a girgizar ƙasar Haiti a 2010, inda ayari-ayari na baƙi suka yi ta tiyata ba mai bin sawunsu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ayarin agajin lafiya gida uku: masu duba marasa lafiya su sallame su, masu kwantarwa da tiyata, da masu manyan tiyata da ɗakin kulawa ta musamman. San gidanku, ka tsaya a kai. Ku zo da abincinku, da ruwanku, da janaretanku, da masanku. Baƙon da ya zo agaji yana neman wurin kwana ya zama ƙarin kaya.

Kada ka shiga ginin asibiti don kawai ka gan shi tsaye. Sai injiniya ya duba ya ba da izini. Ranar 20 ga Fabrairu wata girgizar mai ƙarfi, sama da maki 6, ta sake kaɗa Hatay da daddare, gine-ginen da suka tsage tun farko wasu suka ƙarasa faɗuwa. A daren muna cikin tanti a filin wata makaranta, har yau ina jin ƙarar ƙarafan gadaje a kunnena. Ko injiniya ya yarda ma, marasa lafiya da yawa ba za su yarda su kwana ƙarƙashin siminti ba, kuma ban ga laifinsu ba. Fitar da gadaje da kwalaben iskar oksijin waje, a yi aiki a tsakar gida.

Sai ka nemi ma'aikatan asibitin da suka tsira. Su suka san wace mata ce cikinta ya tsufa a unguwar, wane tsoho ne ke zuwa wankin ƙoda. Amma ka tuna su ma masu makoki ne. Wata nas dattijuwa da muke kira Abla, wato Yaya a bakinsu, ta binne 'yan gidansu ta dawo aiki washegari. Mai yi mana tafinta wani yaro ne Bahaushe da ke karatu a Turkiyya. Ran nan ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ka ce mata ta je ta kwanta, kwana uku ban ga ta rufe ido ba." Na ce, "Ƙanena, in na ce ta kwanta ba za ta ji ba, sai dai mu rubuta jadawalin hutu mu sa sunan kowa har da nawa." Haka muka yi, ta bi.

Raunuka: abu uku da ke kashe mutum bayan an ciro shi

Masu ceto a can sukan sa kowa ya yi tsit, su ɗaga murya su ce "Sesimi duyan var mı?", wato akwai mai jin muryata? In aka ji motsi, kai mai lafiya ka matso da ledar ƙarin ruwa, kada ka jira sai an fito da shi. Wanda bango ya danne wa cinya ko hannu na awoyi, tsokar wurin ta fara mutuwa. Da an ɗaga abin da ya danne shi, dattin tsokar da sinadarin fotasiyam za su kwarara cikin jini. Fotasiyam na iya tsayar da zuciya nan take, dattin kuma ya toshe ƙoda cikin 'yan kwanaki. Saboda haka in ka samu jijiya, sa masa ruwan gishiri na ƙari tun yana ƙarƙashin ɓaraguzai, babba wajen lita guda a awa a farko, sannan a rage. Kada ka sa ruwan da ke ɗauke da fotasiyam, irin su Ringer. Ka sa ido kan fitsarinsa: in ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai, wannan ba na tantinka ba ne, a kai shi inda ake wankin ƙoda. An sha wannan darasi da tsada a girgizar Armeniya ta 1988 da kuma ta yankin Marmara na Turkiyya a 1999. Mutum zai fito yana murmushi yana gode wa Allah, jibi ƙoda ta tsaya.

Na biyu, kada ka yi gaggawar ɗinki. Raunin da ya sha ƙura da siminti ya kwana, a wanke shi da ruwa mai yawa, a yanke mataccen nama, a rufe da bandeji a bar shi buɗe, a sake dubawa bayan kwana biyu zuwa biyar kafin a ɗinke. Na kwance ɗinkin da wasu suka yi cikin gaggawa, abin da ya fito ba na faɗa ba ne.

Na uku, tetanus, ciwon sarƙe haƙora. Duk mai rauni ka tambayi rigakafinsa. Wanda bai tabbata ba a yi masa allura, mai ƙazamin rauni kuma a haɗa masa da allurar kariya ta nan take in akwai. Tsofaffi ne aka fi mantawa da su. An ga ɓarkewarsa bayan girgizar Kashmir ta 2005.

Kowane majiyyaci ka ba shi kati a hannunsa: abin da aka yi masa, ranar, da ranar dawowa. Gobe yana iya kasancewa a wani gari kamar Adana ko Mersin wurin dangi, likitan can ba shi da labarinsa sai abin da ka rubuta.

Maganar gawa

Za ka ji wari, za ka ji mutane na cewa annoba na tafe daga gawarwaki. Ba haka ba ne. Wanda gini ya kashe ba ciwo ne ya kashe shi ba, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa a jikin mamaci. Wanda kwalara ko irin su Ebola suka kashe ne ake taka-tsantsan na musamman da gawarsa. Masu ɗaukar gawa su sa safar hannu da takalmin roba, su wanke hannu, a nisanta kabari da rijiya, shi ke nan. Kada tsoro ya sa a haƙa rami a zuba mutane ba suna. A Turkiyya waɗanda ba a gane ba an ɗauki hotonsu da zanen yatsa da samfurin jikinsu, an sa wa kabari lamba, inda ruwa ya yi wuya aka yi musu taimama. Uwar da ta san inda ɗanta yake kwance ta fi samun barci a kan wadda take bin asibitoci da hotonsa.

Ruwa da masai

Nan ne na fi daɗewa, nan kuma zan fi daɗewa a rubutun. Girgiza na fasa bututun ruwan sha da na bahaya a ƙarƙashin ƙasa, su haɗu ba wanda ya gani. Famfo na iya kawo ruwa garai-garai alhali guba ne. Har sai an gwada, ɗauki duk ruwan famfon garin a matsayin na wanki.

Lissafin da ma'aikatan agaji ke bi shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta. Asibiti kuma wajen lita 5 ga mai zuwa ya tafi, lita 40 zuwa 60 ga wanda aka kwantar. A makonnin farko ruwan roba aka yi ta rabawa, ya kashe ƙishi amma ba ya wanka, ba ya wanki, kuma robobin suka taru tsibi-tsibi. Dole a koma tanka da tankunan ajiya.

Duk tankar da ta shigo sansani, tsayar da direba ka auna. A zuba kulorin, a jira minti 30, sannan a gwada da 'yar na'urar nan mai canza launi. A bakin famfo ana son ragowar kulorin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. In ana zargin kwalara a ɗaga zuwa 0.5 har 1. Ruwa mai laka sai ya kwanta ko an tace kafin kulorin ya yi aiki. Kada ka tsaya a bakin tanka: shiga tanti ka gwada na cikin jarka, don a nan ne yaro ke tsoma kofi da hannu. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi bokiti. Za su ce ruwan na wari, wasu su koma ɗiba daga fasasshen bututu. Ni dai gabansu nake cika kofi in shanye, ya fi dogon bayani.

Masai kuwa, a kwanakin farko ɗaya ga mutum 50, a yi ta ƙarawa har ya koma ɗaya ga 20. Ya nisanci inda ake ɗibar ruwa da aƙalla mita 30, amma kada ya wuce mita 50 daga tantuna. Na mata ya fi na maza yawa, ya zama daban, da sakata ta ciki, da fitila, da kwandon zubar da audugar mata. Wannan ba ado ba ne. Mako na biyu mata suka yi ta zuwa da zafin fitsari, sai Abla ta gano cewa sun daina shan ruwa ne da yamma don kada dare ya kama su a hanyar masai mai duhu. Fitila biyu masu aiki da hasken rana suka yi abin da maganinmu bai yi ba. A sa ruwa da sabulu a ƙofa, a kuma biya wani ya riƙa wankewa. Masan kowa da kowa, in ba mai shi, kwana uku ya ishe shi ya zama abin gudu.

Ku ma baƙi ku kula da naku bahayan. Haiti ta yi girgizarta ranar 12 ga Janairun 2010, kwalara ba ta zo ba sai Oktoba, kuma ba daga ɓaraguzai ta fito ba. Daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal ƙazanta ta malala cikin rafin da ke shiga kogin Artibonite. Sama da mutum 800,000 suka kamu, wajen 10,000 suka mutu, sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar na lokacin, ya nemi gafarar mutanen ƙasar. Girgiza ba ta ƙirƙiro cuta. Ko dai cutar na nan tun da, kamar kwalarar da ta ɓarke a Siriya tun Satumbar 2022, ko wani ya shigo da ita.

Tun ba a ga gudawa ba ka ware tanti guda a gefe. Ajiye fakitin gishiri da sukari, da zink na yara: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida. In fakiti ya ƙare, lita guda ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Haɗin kulorin na wanke-wanke kuma kala uku ne, rubuta su ɓaro-ɓaro a jikin bokiti: kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na daɓe da gadaje, 2 na amai da bahaya.

Waɗanda ba su ji ciwo ba amma suna cikin haɗari

Mai ciwon suga ya fito da kayan barci, insulin ɗinsa na cikin firij ƙarƙashin bene biyar. Haka mai hawan jini, mai farfaɗiya, mai asma, mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau, mai wankin ƙoda sau uku a mako. Ba za su zo layi ba, suna ganin wasu sun fi su buƙata. Ɗauki littafi ka bi tanti-tanti kana tambaya: wa ke shan magani kullum a nan? Da yawa ba su san sunan maganin ba, sai launinsa. Hoton kwali a waya ya sha fitar da mu. Masu wankin ƙoda a fitar da su daga yankin a ranar. Azumi ya kama mu a can a ƙarshen Maris, sai da muka zauna da limamin sansani kafin wasu tsofaffi masu insulin suka yarda su sha ruwa.

Haihuwa ba ta jira. Nemo ungozoma, ware mata tanti mai ɗumi da labule da haske, ka san lambar mota da asibitin da ke tiyatar haihuwa kafin dare ya yi. Kwalayen madarar gwangwani za su zo kyauta, kada a raba su kamar biskit. Inda ba tsaftataccen ruwa, bulumboti hanyar gudawa ce. Mai shayarwa a ba ta abinci da wurin sirri ta ci gaba. Firgici na iya tsayar da zubar nono na ɗan lokaci, amma yana dawowa in jariri na kamawa. Jaririn da ya rasa uwa shi ne na madara, a ƙarƙashin idon ma'aikaci, da kofi.

Rigakafi a dawo da shi da wuri, ƙyanda a gaba, tare da bitamin A, don cunkoso shi ne abincinta. Magungunan rigakafi na son sanyin digiri 2 zuwa 8. A Borno zafi muke tsoro, a Hatay sai na tarar daskarewa ce abokiyar gaba: allurar tetanus da ta ciwon hanta, har insulin, in suka daskare sun lalace. Duk maganin rigakafin da ya kwana a firij ɗin da wuta ta yanke, duba 'yar alamar da ke jikin kwalba, in murabba'in ciki ya yi duhu kamar da'irar, a ware shi.

Sanyi ya kawo nasa. Mutane na kunna gawayi ko murhu cikin tanti su toshe ko'ina, hayaƙin da ba ya wari ya kwantar da gida guda. In iyali suka zo tare da ciwon kai da jiri da amai da safe, fitar da su iska, ka ba da oksijin, ka je ka ga murhun. Ƙazuwa da kwarkwata kuwa sun zo a mako na uku, saboda ba wanka. A shafa wa duk 'yan tanti magani rana guda, a wanke tufafi da ruwan zafi ko a ɗaure su a leda kwana uku zuwa sama. In ba a kafa wurin wanka ba, za ka yi ta shafawa ne kawai. Masu zama kusa da inda ake rushe gine-gine su sa takunkumi, a riƙa yayyafa wa ɓaraguzai ruwa, don tsofaffin gine-gine na iya ɗauke da asbestos, kayan ginin da ƙurarsa ke lalata huhu.

Takarda guda kowace yamma

Kafin sallar isha'i kowane tanti na lafiya ya aika lissafinsa: gudawa mai ruwa nawa, mai jini nawa, zazzaɓi da ƙuraje, shawara, sanƙarewar wuya, ciwon numfashi, mace-mace, a raba 'yan ƙasa da shekara biyar da manya. In babu a rubuta sifili, don shiru ba ya nufin lafiya. Ƙyanda ko guda ɗaya ce, ko babba mai gudawa kamar ruwan shinkafa, ba a jira yamma, waya ake bugawa. Mizanin da muka saba da shi: in mace-mace suka wuce mutum 1 cikin 10,000 a rana, ko yara 2 cikin 10,000, abin ya fi ƙarfin yadda ake tafiyar da shi.

Kyautar magani kuma, ka koyi cewa a'a. Armeniya ta karɓi wajen tan 5,000 na magani da kayan asibiti bayan girgizar 1988, aka yi watanni ana tantancewa. Mu ma an sauke mana kwalaye da rubutun da ba mai iya karantawa, wasu saura wata guda su lalace, suka cinye mana tanti guda cur. Akwai kunshin gaggawa da aka tsara don mutum 10,000 na wata uku; nemi shi, sannan ka rubuta takamaiman abin da ya rage.

Za ka ga yara manya na fitsarin kwance, magidanta na kwana da takalmi a ƙafa, mata na jin ƙasa na motsi alhali tana tsaye. Yawanci ba ciwo ba ne, kada ka buɗe kwalin maganin barci. Zauna, saurara, taimaka masa ya samu labarin danginsa da bargo, ka ce masa "Geçmiş olsun", gaisuwarsu ta Allah ya sa ya wuce. Wanda ya daina ci da magana, ko yake zancen kashe kansa, ko mai taɓin hankali da maganinsa ya yanke, shi za ka miƙa wa ƙwararre.

Girgiza irin wannan ba mu saba da ita a ƙasar Hausa ba, sai 'yar raurawar da ta firgita mutanen Mpape a Abuja a 2018. Amma da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024, littafin da na rubuta a Hatay na buɗe, ban da shafin dannewar gini kusan komai ya yi aiki.

Tun makon farko ka fara shirin tafiyarka. Lokacin da aka fara kwashe mutane daga tantuna zuwa gidajen kwantena, muka mayar da asibitinmu cikin kwantena biyu kusa da su, likitan unguwa ya karɓi ɗaya, Abla ta karɓi ta rigakafi da awon ciki. Muka bar musu littafin masu shan magani kullum da lambar tantin kowa, da na'urar auna kulorin da ƙwayoyinta na wata uku, da jerin raunuka goma sha ɗaya da ba su gama warkewa ba, kowanne da ranar canza bandejinsa. Mabuɗin janareta na ba Abla a hannu ranar da motarmu ta kama hanyar Adana.